Gangaren keken Iya da baƙar lakar Gadarif

Tun da yaƙi ya koro dangi daga Hartum a 2023, gidanmu na Gadarif, a gabashin Sudan, ya cika: Iya a keken guragu, ga jikoki masu rarrafe. Dakalin ƙofar ɗakinta santimita 30 ne, sai muka ja gangare mita 3 da santimita 60, wato tsawo 12 ga kowane tashi 1. Faɗi santimita 120, da fili mita ɗaya da rabi a sama don keke ya juya. Awo dai bai ba mu matsala ba.

Ƙasa ce ta ci mu. Magini ya kwarara kankare kai tsaye a kan baƙar laka, wai ai gangare ba ya ɗaukar nauyi. Kowa ya san lakar nan: damina ta kumbura, rani ta dare har hannu ya shige. Ruwan Agusta na ɗaukewa, gangaren ya rabu da dakali, ya bar baki kamar yatsa biyu. Kaɗan ne a ido, amma ƙaramar tayar gaba tana isa nan take cijewa, Iya ta zabura gaba tana salati. "Ku bar ni a ɗaki, ɗan nan," in ji ta. Siminti kuwa, a wannan tsadar, ya tafi a banza.

Da muka fasa, mun haƙe laka santimita 60, muka cike da tsakuwa da yashi, ana daddaɓe kowane santimita 15 kafin a ƙara. Kankare kauri santimita 10, da ragar rodi, an tsaga shi duk mita ɗaya da rabi. A ja tsintsiya a kai tun yana ɗanye, kada a goge shi sumul, yara na zubar da ruwa.

Randa da famfo mun kai su can gefen rumfa, indararo ma mun juya bakinsa waje, don ɗigon kullum ya isa ya tayar da lakar. Abin riƙewa biyu ne, santimita 90 na manya, 70 na yara, na katako, domin ƙarfe ba ya taɓuwa da azahar.

Duk maginin da ya ce maka haƙa ɓata kuɗi ne a Gadarif, ka sallame shi tun kafin ya kwaɓa buhun farko.