Wakilin ya daina ƙago lambar masu bashi

Jama'a, daren jiya dai abin ya zauna. Wakilin AI (manhajar da ke amsa tambaya ta hanyar kiran kayan aiki da kanta) da nake haɗa wa littafin bashin shagon yayana ya daina ƙago lambar mai saye da ka, kuma kusan duk gyaran a bayanin kayan aiki (rubutun da ke gaya masa aikin kowanne) aka yi shi, kod ɗin kusan yana nan yadda yake.

Kayan aiki uku ne a kan sabar MCP, tsarin haɗa AI da kayan aiki da kamfanin Anthropic ya fitar a Nuwamban 2024. nemo_mai_saye yana karɓar suna ya dawo da lamba, duba_bashi yana karɓar lamba ya faɗi abin da ake bin mutum, rubuta_biya kuma shi ke rage bashi in an kawo kuɗi. A MCP Inspector, manhajar gwada su da hannu, duk ukun suna tafiya sumul. Sai an bar modal, wato ƙwaƙwalwar wakilin, ya zaɓa da kansa ake ganin tsiya.

Ka ce masa, "nawa ake bin mai shayin bakin tasha?" Maimakon ya fara nemo sunan, sai ya zarce kan duba_bashi ya cusa lambar da ya ga dama. In lambar babu ita, da sauƙi. In kuwa ta faɗa kan wani da ke cikin littafin, zai karanto maka bashin wani bawan Allah dabam ba tare da ko ɗar ba. A ce a rubuta_biya hakan ta faru, wani ya biya an share wa wani, ai rigima ce a unguwa.

Bayanin duba_bashi na farko jimla ɗaya ce: yana duba bashin mai saye ta lambarsa. Duk wanda ya karanta zai ce ba laifi. Na ba wani modal alƙalanci, ya ce a faɗaɗa. Aka faɗaɗa, ya fito dogo mai daɗin karatu, alƙali ya ƙara maki, wakili kuma ya ci gaba da ƙaryarsa kamar ba a yi komai ba. Tun daga nan makin alƙali ya fita raina. Yana auna kyan rubutu ne, ni kuwa abin da ya dame ni shi ne wane kaya aka kira, da me aka cika shi.

Sai na zauna da yaran shago na kwashi tambayoyi yadda suke faɗinsu, da guntayen sunaye da laƙabi, ba yadda ni zan tsara su ba. Gaban kowace na rubuta abin da ya kamata ya faru: wannan kayan da farko, wancan na biye. Na sa har da waɗanda bai kamata a kira komai ba, irin "yaushe motar sukari za ta zo?" Kowace tambaya ana maimaita ta, don abin da ya ci yanzu yana iya faɗuwa an jima. Wani kaso kuma na ɓoye, ba na duba shi sai na gama gyara, don kada in riƙa ɗinka bayani daidai wuyan jarrabawa.

Abin da ya yi aiki bai da wani ado. Na rubuta inda lambar ke fitowa: daga nemo_mai_saye kaɗai. Na rubuta lokacin da ba a kiran duba_bashi: muddin suna ne kawai a hannu. Na rubuta abin da yake dawowa da shi, cewa naira ce. A JSON Schema, inda ake fayyace abin da kaya ke karɓa, na ɗaure gurbin lambar da siffar da dole ta bi. Wani abin haushi a nan: da na sa misalin lamba a cikin bayanin, sai ya koma kwafar misalin nan yana aikawa a matsayin lambar kowa! Na cire shi, na bar siffar kawai. Saƙon kuskure ma na sauya shi daga 404 tsura (lambar "ba a samu ba") zuwa jimlar da ke cewa ba a sami lambar ba, a nemo ta da suna tukuna. Wannan kaɗai ya sa ko ya yi tuntuɓe yana gyara kansa a kira na biyu. A ganina saƙon kuskure ma bayani ne, a riƙa auna shi tare da sauran.

Kuɗi kuwa sun ji jiki. Bayanan nan gaba ɗaya suna tafiya da kowace tambaya, ga maimaici, ga biya da dala. Abin da na zuba da niyyar ya kai ni ƙarshen wata, dogon bayanin alƙali ya lashe shi tun ba a je ko'ina ba. Shi ya sa bayanan suke da Turanci, tambayoyi da Hausa, don Hausa ta fi cin tokin, guntayen rubutun da ake lissafa kuɗi da su.

Da na buɗe tambayoyin da na ɓoye, ban ga lambar ƙage ko ɗaya ba. Wallahi sai da na tashi na zaga ɗaki.

Saura guda: masu shayi biyu ne a littafin. nemo_mai_saye yana dawo da su duka, wakili kuma yana ɗaukar na sama bai tambayi kowa ba. Na rubuta masa ya tambaya, wani lokaci ya ji, wani lokaci ya yi kunnen ƙashi. Wanda ya taɓa shawo kan irin wannan ya faɗa mini, a bayani ya gyara ko a abin da kayan ke dawowa da shi?