Kasuwar Pullman, ginin da gobara ta ci sau uku

Jirgin ƙasa na Metra Electric na hau daga tashar Millennium a tsakiyar Shikago, na sauka a titi na 111. Daga nan da ƙafa na taka, na bi ta gaban otal ɗin Florence, na shiga titi na 112, na wuce cocin Greenstone, sai ga kasuwar a mahaɗarsa da titin Champlain. A tsakiyar mahaɗar aka dasa ta, motoci sai dai su kewaye.

Abin da na tarar bai wuce hawan ƙasa ba: bangon bulo, ƙofofi masu baka, rufi kuwa babu. Ka leƙa ta ƙofa, sararin sama za ka gani.

George Pullman ya fara gina garin Pullman, wanda yanzu unguwa ce a kudancin Shikago, a 1880 domin ma'aikatan kamfaninsa na ƙera taragon jirgin ƙasa, Solon Beman kuma shi ya zana gine-ginen. Kasuwar farko tana da rumfuna 16 na nama da kayan lambu a ƙasa, da zauren taro a sama. 'Yan kasuwa ke sayarwa, amma ginin na kamfani ne, haya suke biya, kamar yadda ma'aikaci ke biyan hayar gidan da yake kwana. Shi ya sa da aka rage albashi aka bar haya yadda take, yajin aikin 1894 ya ɓarke.

Gobara ta cinye ta farkon a 1892. Beman ya sake zana wata mai hawa uku, aka gama a 1893, shekarar babban baje kolin duniya na Shikago. A nan ne, a ganina, gwanintarsa ta fito. Gidaje huɗu ya jera a kusurwoyin dandalin, kowanne fuskarsa a lanƙwashe, da baranda mai ginshiƙai. Dandalin mai kusurwa huɗu ne, amma idan ka tsaya jikin kasuwar ka juya a hankali, sai ka rantse cikin da'ira kake. Har yanzu akwai mutane zaune a gidajen.

Wutar 1931 ta tafi da hawa na uku, ta 1973 ta gama da na biyu da rufin. Gidauniyar Historic Pullman ta sayi kangon daga baya.

Yanzu ruwa ne abin tsoro. Bangon da ba rufi yana shan ruwa ta ka, hunturun Shikago ya daskarar da shi cikin mahaɗin bulo, ƙanƙarar ta kumbura ta tsaga. Cike gurbin da siminti mai tauri ba magani ba ne, domin tsohon bulo ya fi shi laushi, damshi ya rasa mafita, fuskar bulon ta riƙa ɓarewa. Sai an rufe kan bangon, an yi cikon da kwaɓin farar ƙasa. Na kewaya ginin sau biyu ina duban kan bangon kafin na koma tasha.