Saƙon da ya tsayar da ni

Yau wata matashiyar marubuciya ta turo min rubutun littafinta: ɗaliba ce 'yan ajinsu suka addaba da cin zali, ta ƙudiri ramuwar gayya. Labari na tafiya sumul har saƙo ya shigo wayarta daga ɓoyayyar lamba: "Na san abin da kika yi." Nan na ja birki. Yarinya 'yar shekara 16, waya a hannu, me zai hana ta nuna wa mahaifiyarta ko malaminsu? In babu amsa, makaranci ya daina yarda tun daga shafin.

Gyaran ba wuya. Dole sirrin ya zama wanda in ta kai ƙara ita ma asirinta zai tonu, kuma a shuka shi tun babi na biyu, ba a ƙaƙaba shi a ƙarshe ba. Waɗanda ake zargi kada su wuce huɗu, kowanne da dalilinsa da ƙaryarsa. Mai turo saƙon kuwa ya riga ya bayyana, yana magana, ana ganin ba komai ba ne.

Har yanzu ina tunanin yaran da ke samun irin wannan saƙon da gaske, su kuma yi shiru.