Takin yuriya da iskar kabon: abin da na gani a ɗakin gwaji a Legas

Ranar da na fara haɗa ruwan da nake fatan zai kama iskar kabon (CO2) daga hayaƙin masana'anta, na daɗe ina kallon kwalbar. Gari ne iri biyu, duka farare: yuriya, takin da manomanmu suka sani, da kolin kulorayid da ake sawa a abincin kaji. Yuriya ita kaɗai ba ta narkewa sai zafi ya kai digiri 133. Amma da na auna ƙwayar kolin ɗaya ga yuriya biyu, na ɗumama ina juyawa, sai suka koma ruwa garai-garai mai kauri kamar zuma, wanda ba ya daskarewa sai a digiri 12. Masana a Jami'ar Leicester ta Ingila suka bayyana haɗin a 2003.

Tun 1930 aka san kama iskar kabon da ruwan amin, wato sinadarai dangin amoniya, kuma wani irinsa da ake kira MEA ne aka fi yayi. Yana kamawa ƙwarai, sai dai kafin ya saki sai an tafasa shi zuwa wajen digiri 120, ga cin ƙarfe. Wannan tsadar muke son gudu.

Makonnin farko na busa iskar cikin ruwan yuriya da kolin, na auna, na ga nauyi ya ƙaru sosai. Da murna na koma Agege, na faɗa wa kawuna mai sayar da abincin kaji. Ya ce, "Ɗana, buhun kayan nan in ka bar shi a buɗe kwana ɗaya jiƙewa yake. Ka tabbata ba ruwa ka auna ba?"

Ruwan kuwa na auna. Haɗin yana zuƙar laima, Legas kuma a damina iskarta jiƙe take sharkaf. Aikin mako uku ya tafi, abin ya yi mini ciwo matuƙa.

Na sake daga farko: na busar da garin, na toshe kowace kafa, na ajiye kwalba ta biyu da ba a busa mata komai don kwatantawa. Sakamakon gaskiya ya fito ɗan kaɗan. Ruwan ba ya riƙe kabon da yawa sai an matsa iskar da ƙarfi, hayaƙin masana'anta kuwa ba ya zuwa a matse. Amma da na rage matsin, sai ya saki abin da ya riƙe ba tare da tafasa ba, kuma wannan ne ya hana ni barin aikin. Yanzu ina ɗiga masa amin kaɗan-kaɗan, ina neman inda kamun zai ƙaru ba tare da kaurin ya toshe bututu ba.