Wasiƙa daga Almeriya: ku san abin da layinku ke sha

Assalamu alaikum 'yan'uwa manoman rani na Kaduna, daga masu lambu a bakin kogi har zuwa Kangimi da fadamun Galma. Yaya sanyi, yaya ban ruwa?

Ina rubuto muku ne daga Almeriya a kudancin Sifaniya, inda nake aiki a gonar tumatir ta cikin rumfar leda. Ruwan saman da suke samu a shekara bai cika wuce milimita 200 ba, wato bai kai na watan Agusta kaɗai a Kaduna ba. Shi ya sa suke lissafin ruwa kamar yadda mai shago ke lissafin canji.

Ban ruwansu na ɗigo ne, kuma na'ura ce ke buɗewa ta rufe da kanta. Wata rana da asuba maigidana ya kira ni, wai in duba layin tiyo na huɗu. Na haska fitila, na bi kunya-kunya, sai can ƙarshe na tarar mahaɗar tiyo ta zame, ƙasa ta yi caɓi. Mutumin nan yana kwance a gida ya sani, ni da ke kwana kusa da rumfar ban sani ba!

Abin da ya tsegunta masa bai fi dunƙulen hannu ba. An ɗaura shi a jikin babban bututu, bayan matatar ruwa. A cikinsa akwai 'yar farfela mai maganaɗisu. Ruwa na wucewa tana juyawa, na'urar na ƙirga juyin tana mayar da shi lita. Sauran duk lissafi ne. A ce layi yana da bakin ɗigo 1,000, kowanne na ba da lita 2 a awa, to lita 2,000 ya kamata ya sha. In aka ga 2,600, wani wuri ya fashe. In aka ga 1,400, bakunan sun fara toshewa, ko matata ta cika da datti. In kuwa an rufe komai amma farfela na ci gaba da juyawa, akwai yoyo ko makullin da bai rufu ba. Nan take na'urar ke datse babban makulli ta aika saƙo a waya.

A nan ne na tuna lambun Baba, Allah ya jiƙansa. Tiyonmu duk ɗaurin roba ne, kowane ɗauri na tsartuwa, mu kuwa ko a jikinmu, ai kogi ba ya ƙarewa. Kogi dai ba ya ƙarewa, amma fetur fa? Tun da aka cire tallafi a 2023, duk ruwan da ya tsiyaye a hanya da kuɗin man inji ya tafi, in kuma an zuba taki a ruwan, har da taki.

Ba cewa nake kowa ya sayi irin na'urarsu ba, tana da tsada, ga maganar wuta da sabis. Mitar ruwa ta yau da kullum da littafi ɗan ƙarami sun isa a fara. Ranar da kuka shimfiɗa sabon tiyo, ku ba shi awa ɗaya ku rubuta abin da ya sha. Duk mako ku sake, injin yana kan gudu iri ɗaya, ku kwatanta.

Sai dai a kula wajen ɗaurawa. Ruwan koginmu akwai yashi da laka, don haka matata ta riga mita, in ba haka ba farfela za ta cije. Kada kuma a manna mitar kusa da kwanar bututu. Yawanci ana barin miƙaƙƙen bututu mai tsawon faɗinsa sau goma kafin ta, sau biyar bayanta. Ƙanena ya ɗaura tasa dab da bakin inji, ya kira ni yana faɗa wai na sa shi asara. Da ya matsar da ita gaba, a makon farko ta nuna masa inda ɓera ya huda tiyo a ƙarƙashin ciyawa.

A gaida mutan gida. Wanda zai zo, don Allah ya riƙo mini daddawa.

Naku,
ɗan'uwanku a Almeriya