Hayaƙin Birni da Itacen Ƙauye

Duk wanda ya taso daga ƙauyukanmu na yankin Ringim ya nufi Kano da sassafe a lokacin hunturu, tun kafin ya shiga gari zai hango wani duhu ya lulluɓe samaniya. Mutane da yawa suna ɗauka hazo ne kawai, alhali kuwa ƙurar hamada ce ta cakuɗe da hayaƙin adaidaita sahu da na janareto, da na masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai, da kuma na sharar da ake cinna wa wuta a bakin titi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iska, ta waje da ta cikin gida, tana ajalin mutane kusan miliyan 7 kowace shekara. Mafi haɗari su ne ƙananan ɓurɓushin da ido ba ya gani, waɗanda ke ratsa huhu su shiga jini, su haddasa asma da ciwon huhu da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Saboda haka ne a 2021 hukumar ta rage ƙa'idarta ta shekara kan yawan waɗannan ɓurɓushi daga maikrogiram 10 zuwa 5 a kowace kyubik mita ta iska.

Ba za a ce gwamnati ta naɗe hannu ba. An kafa NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, a 2007, an fitar da ƙa'idojin hayaƙin ababen hawa a 2011, sannan na ingancin iska a 2014. Kano ta haramta acaɓa a Janairun 2013, kodayake dalilin tsaro ne ya sa, kuma adaidaita sahu ta maye gurbin nan take. Bayan cire tallafin man fetur a 2023, an ɓullo da shirin mayar da motoci su yi aiki da iskar gas, wanda har yanzu bai ratso karkara ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake tsara waɗannan matakai tamkar matsalar ta tsaya a ƙofar birni. Duk lokacin da kuɗin gas ɗin girki ya tashi, magidanta a Kano da Dutse sukan koma gawayi da itace, kuma daga dazuzzukanmu ake lodin su a manyan motoci. Ƙirya da marke da kanya, waɗanda suke tare mana iska da ƙura, su ne ake sarewa, don haka birni ya ƙara hayaƙi, ƙauye kuma ya ƙara buɗewa ga hamada. A nan gida ma iyayenmu mata suna wuni a gaban murhu cikin madafi marar taga, da goyo a baya, jaririn yana shaƙar abin da uwar ke shaƙa. Idan tari ya ƙi jin magani sai a ce sanyi ne, ba a cika tuhumar murhun ba.

A 2024 gwamnatin tarayya ta amince da manufar girki mai tsafta, wato girki da makamashi da murhu marasa yawan hayaƙi, kuma ni a ganina nan ne ya kamata Kano da Jigawa su zuba ƙarfinsu tare. Hana sare itace da doka kaɗai ba zai yi tasiri ba matuƙar mai girki ba ta da abin da za ta hura. A sauƙaƙa farashin gas a birane, a raba ingantaccen murhu mai rage cin itace a ƙauyuka, a kafa na'urorin auna iska a riƙa sanar da sakamakon a rediyo da Hausa, sannan a horar da ma'aikatan asibitocin shakatafi su riƙa tambayar duk uwar da ta kawo yaro mai tari da me take girki, kuma a ina.