Abin da na koya daga tsiron da ke rayuwa cikin gishiri

A cikin tsirran da muka yi nazari a kansu a ajin ilimin tsirrai a nan Kaduna, babu wanda ya sauya mini yadda nake rubuta bayanin tsiro kamar Salicornia europaea, wanda Linnaeus, masanin tsirrai ɗan ƙasar Sweden, ya raɗa wa suna a 1753. Ƙaramin tsiro ne da ba ya wuce shekara guda a raye, kuma yawanci tsayinsa bai fi santimita 30 ba. Dangin alayyafo ne, ko da yake wanda ya gan shi ba zai yarda ba, domin ganyensa ya ƙanƙance ya manne da kara, karan kuwa gaɓa-gaɓa ne, kore shar, cike da ruwa. Furanninsa suna fitowa uku-uku a lotse cikin gaɓoɓin saman reshe, kuma idan ya tsufa sai ya rine ya yi ja.

Mazauninsa taɓon bakin teku ne a Turai, inda ruwa ke malalowa ya rufe shi sannan ya janye. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da kusan giram 35 na gishiri, kuma a irin wannan ƙasa gishirin ne ke hana saiwa shan ruwa, har tsiro ya yi yaushi alhali yana tsaye cikin laima. Shi wannan tsiro shanye gishirin yake yi, ya killace shi a cikin ƙwayoyin jikinsa, ta haka ruwa ke ci gaba da shigowa. Shi ya sa a da ake ƙona shi a sami tokar yin gilashi da sabulu.

Babban darasin a wurina shi ne, siffar tsiro ba ta da cikakkiyar ma'ana sai an haɗa ta da wurin zamansa. Idan aka danne wannan tsiro aka busar a takarda, gaɓoɓin sukan motse har masana su kasa bambance shi da 'yan uwansa, sai dai a dogara da abin da mai tsinkowa ya rubuta game da ƙasa da ruwa da launi. Saboda haka yanzu nakan rubuta wannan bayanin tun ina tsugune a wurin da na tsinko tsiro.

Ilimin ya kuma yi mini amfani a gonakin noman rani, inda ban ruwa ba tare da magudana ba kan bar farin ɓawo a kan kunya. Manomi kan ga tumatirinsa ya yi yaushi ya ƙara masa ruwa, alhali abin da gonar ke buƙata shi ne hanyar da ruwan zai wanke gishirin ya fita da shi.